Ƙarar Ƙananan Jiragen Tsere a Wani Tafki na Ingila: Yadda Wani Kulob Ya Tsira da Wurinsa

A Ingila akwai mutanen da hutunsu na ƙarshen mako a bakin tafki yake ƙarewa, rimot a hannu, suna tseren ƙananan jiragen ruwa masu inji. Akasarinsu magidanta ne da dattawa, wasu tsofaffin makanikai, kuma ƙungiyar da ke haɗa su a ƙasar, Model Power Boat Association, tun 1924 take. Babban abin da ke raba irin waɗannan kulob-kulob da tafkunansu shi ne ƙarar injina. Wannan rubutu ya bi lamarin kulob guda daga ranar da aka kai kukansa har ranar da aka sabunta masa izini, a matsayin misalin rikicin da ire-irensa suka sha shiga. An sakaya sunansa da na garin.

## Wurin da jiragen

Tafkin yana cikin wani lambun shaƙatawa mallakar ƙaramar hukuma, kulob ɗin kuma da takardar izini ta shekara-shekara yake amfani da shi. Gidaje mafi kusa suna arewa maso gabas. Wannan ba ƙaramin rashin sa'a ba ne, domin iskar Ingila galibi daga kudu maso yamma take kaɗawa, wato ta ratsa tafkin ta ɗauki ƙarar ta kai ta tagogin mutane.

Shekara da shekaru jiragen kulob ɗin ƙananan injina suke ɗauka, masu faɗin ciki sisi (cc, ma'aunin girman inji) 3.5, 7.5 ko 15, waɗanda ke shan haɗin metanol da naitiro da man shafa inji. Daga baya jiragen fetur suka shigo, manya, tsawonsu ya haura mita guda, akasari da injin Zenoah na Japan mai kusan sisi 26. Man fetur ya fi haɗin naitiro arha, tanki guda kuma yana daɗewa, saboda haka mutum zai iya yini yana zagaye.

Duk injinan nan masu bugu biyu ne, irin na ƙaramin janaretan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Wanda ya taɓa kwana kusa da irin wannan janareta ya san rabin labarin. Janaretan yana da kusan sisi 63, yana juyi 3,000 a minti, wato fashewa 50 a kowace daƙiƙa. Injin jirgin fetur bai kai rabinsa girma ba, amma yana kaiwa juyi 15,000 ko fiye, fashewa 250 a daƙiƙa. Na naitiro kan wuce juyi 25,000. Shi ya sa kukansu ba irin na janareta ba ne. Ihu ne siriri mai tsini, irin na sauro a kunne, yana tashi idan jirgi ya doso, ya sauka idan ya juya baya.

## Afrilu zuwa Mayu, shekarar farko: kuka ya isa hukuma

A ƙarshen Maris ake tura agogon Birtaniya gaba da awa guda, rana ta daɗe ba ta faɗi ba, mutane su fara buɗe tagogi da zama a lambunan bayan gida. A daidai lokacin ne kakar tsere take buɗewa. Cikin Afrilu wasu gidaje suka kai ƙorafi sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma. Jami'in sashen ya yi abin da aka saba: ya ba masu ƙorafin takardu su riƙa rubuta ranar da suka ji ƙarar, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, da abin da ta hana su yi. Sannan ya rubuta wa sakataren kulob.

Dokar da ke aiki a nan ita ce Dokar Kare Muhalli ta 1990. Sashe na 79 ya lissafa ƙara cikin abubuwan da ka iya zama cutar da maƙwabta a idon doka, sashe na 80 kuma ya wajabta wa hukuma ta ba da takardar umarnin dainawa idan ta gamsu cewa cutarwar ta tabbata. Wanda aka ba takardar yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara a kotun majistare, saɓa mata kuma laifi ne. Dokar ba ta yanke wani adadin desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, da za a ce daga nan ne laifi ya fara ba. Jami'i yana duba ƙarfin ƙarar, da irinta, da lokacin da ake yin ta, da tsawonta, da yawan maimaituwarta.

Kulob ɗin kuwa ko kotu ba sai an kai shi ba. Hukumar da aka kai wa ƙorafi ita ce mai tafkin. Idan shekara ta zagayo ta ƙi sa hannu, magana ta ƙare.

## Yuni: kowa ya yi ta kansa

Taron farko bai haifar da komai ba sai umarnin cewa kowa ya rage wa jirginsa ƙara. Ba a faɗi yadda za a yi ba, ba a kuma faɗi iyakar da ake so ba.

Don a gane abin da ya biyo baya, sai an san bututun hayaƙin waɗannan jirage. Ba salansa ba ne. Bututu ne mai tumbi: yana farawa siriri, ya buɗe, ya tsuke, ya ƙare da 'yar wutsiya. Idan hayaƙi ya fito da ƙarfi, ɓangaren da ya buɗe yana taimakawa wajen zuƙo shi, ɓangaren da ya tsuke kuma ya mayar da bugun iska baya, ya tura man da ya fara zubewa ya koma cikin silinda kafin fistan ya rufe ƙofa. Injiniyan kamfanin babura na MZ a Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, shi ya shahara da gyara wannan dabara a shekarun 1950. Ma'ana, da ƙarar kanta injin yake samun ƙarfinsa, duk wanda ya taɓa bututun kuma ya taɓa gudun jirgin.

Wasu suka ɗaura gwangwani a wutsiya suka cusa masa audugar faiba. Ranar farko ƙarar ta yi laushi, bayan 'yan makonni man da ke fita tare da hayaƙi ya jiƙa audugar ta dunƙule, aka koma gidan jiya. Wani ya tsuke bakin wutsiya. Ƙarar ta ragu, zafi kuma ya taru a ciki har ya cinye kan fistan. Garin neman gira ya rasa ido. Wani ya sa tiyon roba ya tura hayaƙin cikin ruwa, abin da ya yi kyau muddin jirgi na tafiya a hankali, amma da ya ɗauki gudu ya ɗago sama sai bakin tiyon ya fito fili, a tsaye kuma injin ya riƙa shaƙewa yana mutuwa.

Awon ma da wayoyin hannu aka yi ta yi. Mutum uku su tsaya wuri ɗaya, wayoyinsu su ba da lamba uku, kowa ya riƙe wadda ta wanke jirginsa. An kuma kawo shawarar dasa shinge na itatuwa ko kafa katangar katako ta ɓangaren gidajen. Aka watsar da ita bayan an yi tambaya: layi ɗaya na itatuwa yana tare ido ne kawai, katanga kuma ba ta aiki sai tana dab da mai ƙarar ko dab da mai saurare, jiragen kuwa suna tsakiyar ruwa suna yawo.

Ƙarshen wata, takardun maƙwabta ba su nuna wani sauyi ba.

## Yuli zuwa Agusta: awo na gaskiya

Kulob ya sayi na'urar awon ƙara mai daraja ta biyu, da ɗan kayan da ake gwada daidaitonta da shi, wanda ke fitar da sauti mai desibel 94. Aka saita ta a ma'aunin A, wanda ke kwaikwayon yadda kunnen mutum ke ji, aka sa mata hular soso saboda iska, aka kafa ta kan sanda a wuri guda da ba ya canzawa. Aka ɗaure ƙwallayen alama biyu a ruwa, mita 10 daga na'urar. Kowane jirgi ya bi ta nan shi kaɗai, maƙure da wuta, ya je ya dawo, domin ɓangaren da wutsiyar bututu ke kallo ya fi ɗaya ɓangaren ƙara. Lamba mafi girma ake rubutawa.

Iyakar da aka ɗauka ita ce desibel 80, adadin da ke cikin dokokin tseren NAVIGA, ƙungiyar duniya ta masu wannan wasa. Wasu jiragen suka wuce lafiya, da yawa suka ɗan haura, biyu kuma, duka na fetur masu buɗaɗɗen bututu, suka yi wa saura fintinkau.

A nan lissafin desibel ya ba 'yan kulob mamaki, domin ba a tara shi kamar kuɗi. Jirgi biyu masu 80 kowanne, idan sun taho tare, 83 suke bayarwa. Biyar su ba da 87. Sai jirgi goma masu 80 sun haɗu kafin su kai jirgi ɗaya mai 90. Wato ana iya wahalar da mutum ashirin da gyare-gyare, jirgi ɗaya da aka kyale ya shafe wahalarsu duka. Nisa ma yana da nasa lissafin: duk lokacin da aka ninka tazara, desibel 6 ke raguwa. Abin da ya nuna 80 a mita 10 zai zama kusan 68 a mita 40, 62 a mita 80, 56 a mita 160. A kan ciyawa ƙasa na ƙara shanye wani abu. Ruwa ba ya shan komai, mayar da sauti yake yi kamar daɓen siminti. Da yamma kuma, idan iskar da ke kwance kan ruwa ta fi ta sama sanyi, sautin da zai tashi sama lanƙwasowa yake yi ya dawo ƙasa. Duk wanda ya taɓa jin hirar masunta daga ɗaya gaɓar kogi bayan magariba ya san wannan.

Cikin Agusta ɗaya daga masu ƙorafin, wata dattijuwa, ta yarda mutum biyu daga kulob su zauna a lambunta ranar Lahadi ana tsere. Jami'in hukuma kuma ya taƙaita musu abin da takardun suka ƙunsa ba tare da ambaton sunaye ba. Abin da ya fito ba shi ake zato ba. Tseren Lahadi da safe, wanda kulob ya yi wata uku yana karewa, ba shi ya cika takardun ba. Abin da ya cika su yammacin ranakun aiki ne, lokacin da mutum ɗaya ko biyu kan zo bayan tashi daga aiki su saita kafireta: a tayar da inji a bakin gaɓa, jirgi a kan kujerarsa, farfela a iska, a ba shi wuta ya yi ihu, a kashe, a murɗa allura, a sake tayarwa. Inji da babu nauyin ruwa a farfelarsa yana haura juyin da ya saba. Wurin saukar da jirage kuma shi ne ɓangaren da ya fi kusa da gidajen. Dattijuwar ta ce ta iya haƙuri da ƙarar da ta san lokacin farawarta da na ƙarewarta. Wadda ba ta iya ɗauka ita ce wadda ke tsayawa har ka saki jiki, sai ta dawo.

## Nuwamba zuwa Maris: aikin gareji

Hunturu ba a tsere, sai aka mayar da shi lokacin gyara. Wani tsohon makanike a cikinsu ya jagoranci aikin, da jirgi ɗaya na gwaji, ana canza abu ɗaya a auna kafin a taɓa na gaba.

An fara da hayaƙi. Maimakon tsuke wutsiya, sai aka zura ta ciki har bakinta ya kai tsakiyar tumbin, inda bugun iskar ya fi rauni, aka bar faɗinta yadda yake. Bayanta aka ɗora salansa na gaske, mai ɗakuna da faranti masu huda a tsakani, babba gwargwadon abin da jirgi zai ɗauka, ƙofar fitarsa ba ta gaza wutsiyar faɗi ba. Abin da ke kashe ƙara shi ne a ba hayaƙi fili ya baje ya huce, ba a shaƙe shi ba. Injinan nan da ruwan tafkin ake sanyaya su, don haka aka karkatar da ruwan da ya gama zagaya silinda ya zuba cikin salansa. Gwajin farko ya ci tura, domin an shigar da ruwan tun a wuyan bututu kusa da inji. Sauti ya fi tafiya a hankali cikin hayaƙi mai sanyi, sai bugun da ake jira ya riƙa dawowa a makare, kamar an ƙara wa bututun tsawo, jirgi ya kasa kaiwa gudunsa. Da aka mayar da ruwan bayan wutsiya, gudu ya dawo, ƙarar ta yi taushi.

Daga nan na'ura ta ƙi sauka. An ƙara wa salansa ɗaki, ba ta motsa ba. Dalili shi ne hayaƙi ya daina zama mafi ƙara, waɗanda yake rufewa a da sun fito fili.

Na farkonsu jikin jirgin ne. Faiba ce siririya, ciki fanko, injin kuma an ɗaure shi da ƙarfe kai tsaye. Tsirkiyar goge ita kaɗai ba ta da murya sai an ɗora ta kan ƙoƙo. Haka injin ya mayar da jikin jirgin. Aka ɗora inji kan gammon roba, aka raba bututu da jiki da zoben roba mai jure zafi, aka liƙa soso marar shan mai a faffadan bangarorin ciki. A nan ma an yi kuskure ɗaya: roba mai laushi sosai ta bar inji yana rawa har igiyar ƙarfen da ke juya farfela ta fara ci, sai da aka koma mai tauri-tauri. Na biyu bakin kafireta ne, wanda ke zuƙar iska sau ɗaruruwa a daƙiƙa, yana da nasa kukan. Aka rufe ɗakin inji da murfi mai soso a ciki, aka bar wa iska hanya mai lanƙwasa maimakon ƙofa a buɗe. Jirgin farko da aka rufe ruf ya shaƙe, ya yi zafi, dole aka faɗaɗa hanyar. Na uku farfela ce. Irin ta tsere rabinta a ruwa take juyi, rabi a iska, tana marin ruwa. An daidaita nauyin fukafukanta an wasa su, abin ya ɗan taimaka, iyakarsa ke nan.

## Afrilu, shekara ta biyu: sababbin ƙa'idoji

Kafin a buɗe kaka, kulob ya kai wa jami'in hukuma takarda mai shafi ɗaya. Ba jirgin da zai taɓa ruwa sai an auna shi an manna masa shaida, wanda ya canza inji ko bututu kuma ya dawo awo. Jiragen mai ranar Lahadi ne kawai daga ƙarfe 10 na safe zuwa 1 na rana, da yammacin Asabar ɗaya a wata da za a sanar tun farkon kaka. Sauran ranaku na jiragen batir ne da na filafilai. An hana ba inji wuta a bakin gaɓa fiye da abin da zai tayar da shi. An mayar da wurin saukar da jirage ɗaya gefen tafkin, an kuma janye ƙwallayen da jirage ke shan kwana a kansu daga kusurwar gidajen har tazarar ta kusan ninkawa. An rarraba jadawalin a gidajen da abin ya shafa, da lambar wayar da za a kira nan take.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Ɗaya daga masu jirage biyun nan ya gyara nasa, ɗayan ya ce bai sayi injin tsere don ya saka masa takunkumi ba, ya koma wani kulob mai tafki nesa da gari. Masu aiki ranar Lahadi su ma sun yi asara, wasunsu suka koma jiragen batir. Waɗannan ba shiru suke ba, motarsu na da siririn kuka, farfela kuma na nan da marinta, amma daga lambun dattijuwar da ƙyar ake jin su.

## Oktoba, shekara ta biyu: sakamako

A duk kakar, an kira lambar wayar sau kaɗan, akasari kan baƙin da ba 'yan kulob ba ne, waɗanda suka zo da jirginsu da yamma. Gida ɗaya ya ci gaba da rubuta wa hukuma cewa ko na Lahadin bai yarda ba. Jami'in ya zo da kansa wata Lahadi, ya saurara daga bakin gidajen, bai ga abin da ya kai a ba da takardar umarni ba. An sabunta izini na shekara guda, aka shigar da ƙa'idojin kulob cikin sharuɗɗansa.

## Me ya yi aiki, me ya sa

Gyare-gyaren Yuni sun faɗi ne saboda an yi su ba awo, kuma duk sun ɗauki bututun mai tumbi kamar salansar babur da za a toshe. Na hunturu sun yi aiki saboda an bar wa bututun aikinsa, an yi maganin ƙarar a bayansa, sannan an bi sauran hanyoyin ƙarar ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a ganina ba aikin gareji ne ya ceci tafkin ba, duk da shi ya fi cin kuɗi da lokaci, shi kuma 'yan kulob suka fi son ba da labarinsa. Matsar da ƙwallaye ya ba da kusan desibel 6 a kan kowane jirgi, mai salansa da marar shi, da kuɗin igiya kawai. Fitar da jirage biyu daga sahun masu ihu ya fi gyaran duk sauran tasiri. Hana tayar da inji a gaɓa da yamma kuwa ya kawar da ainihin abin da ke cikin takardun ƙorafi, abin da na'urar da aka kafa a bakin ruwa ranar Lahadi ba za ta taɓa nunawa ba. Wata uku aka ɓata kafin wani ya je ya zauna inda mai kukan take zaune, kuma tun a Afrilu ana iya yin haka.

Akwai abin da bai warwaru ba. Iyakar 80 a bakin ruwa ba ta ba kowa kariya a gaban dokar 1990, tunda dokar ba lamba take bi ba, kuma sashe na 82 ya ba maƙwabci damar zuwa kotun majistare da kansa ko hukuma ba ta ga laifi ba. Salansa ma yana tsufa: walda na tsagewa, zoben roba na ƙonewa, soso na ɓarewa. Jirgin gwajin nan da ya fara samun shaida, da aka sake auna shi a Afrilun shekara ta uku, ya haura iyaka saboda ɗan tsagu a wuyan bututu, aka mayar da shi gareji.